Kara Da Taki: Zaman Manomi Da Makiyayi A Ƙasar Gwarzo

Kowace shekara, da an shiga watan Oktoba, hankalin masu unguwanni da dagatai na yammacin Kano ya kan tashi. Gero ya riga ya shiga rumbu, amma dawa tana tsaye, wake bai gama bushewa ba, auduga kuwa ba a fara tsinka ba tukuna. A daidai wannan lokaci ne ciyawar daji ta ke fara ƙarewa, tafkuna su ke janyewa, shanu kuma su ke gangarowa neman kara da ruwa. Mai gona yana tsaron gumin da ya yi wata biyar yana zubarwa. Mai shanu yana tsaron dukiyar da ya gada tun kakanni. Kowannensu yana da hujjarsa, kuma a nan ne a ke samun yawancin rigingimun da a ke kai wa gaban hukuma.

Rigimar kanta ba sabuwa ba ce. Tun da a ke noma a ke kiwo, saniya ta kan shiga gona. Abin da ya sake shi ne yadda a ke ba da labarin. A da a kan ce shanun wane sun shiga gonar wane, sai a kira su biyun gaban mai unguwa. Yanzu sau da yawa sai a ji mutanen gari suna cewa Fulani sun yi musu ɓarna, a ruga kuma ana cewa Haɓe sun tare hanya. Sunan mutum biyu ya ɓace, an ɗauko sunan ƙabila biyu an sa a wurinsa. Wannan ya isa a tsaya a duba, don abin da ya ke jawowa ya fi asarar dami goma na dawa.

Za a ɗauki misali daga Kara, garin manoma a ƙaramar hukumar Gwarzo, a yankin da Gwarzo da Kabo su ke maƙwabtaka, yamma da Birnin Kano, ba nisa da iyakar Katsina. Abin da za a faɗa game da Kara, mutumin Getso ko Kutama ko Garo ko Gude zai ga kamar da garinsu a ke.

Mutum Ɗaya, Sunaye Da Yawa

In mutumin Kara ya je kasuwar Gwarzo aka tambaye shi, sai ya ce shi mutumin Kara ne. In ya shiga Birni, ya zama mutumin Gwarzo. In ya isa Zariya, Bakano ne. In ya gangara Ikko ko Ibadan, Bahaushe a ke ce masa, ko da kuwa kakansa da sandar kiwo ya mutu. In Allah ya kai shi Makka, ɗan Nijeriya ne shi ke nan. Ba ƙarya ya yi ba ko sau ɗaya. Duk sunayen nan nasa ne, wanda wuri ya nema shi ya ke fitarwa.

A cikin gari ma haka abin ya ke. Akwai rabon sana'a: manoma, maƙera, mahauta, wanzamai, marina, malamai, fatake da dillalai. Bisa al'ada kowace sana'a tana da shugabanta, watau Sarkin Noma, da Sarkin Maƙera, da Sarkin Fawa, da Sarkin Aska. Amma da ruwa ya sauka, maƙeri da mahauci da malami duk sai ka same su a kunya, kowa riƙe da fartanya. Akwai kuma rabon tsara. Samarin unguwa in an yi gayya, ba mai tambayar asalin wanda ya ke gefensa, sai dai a ga wa ya riga kai ƙarshen kunya. Ran Juma'a kuwa sahu ɗaya a ke yi, mai gona kafaɗa da kafaɗa da mai garke.

Ban da waɗannan, yammacin Kano, wajen Gwarzo da Karaye da Rogo, tun da daɗewa an san shi da gidajen Maguzawa, watau Hausawan da suka riƙe al'adun gargajiya, waɗanda aka shaide su da ƙarfin noma da manyan gandaye. Da yawansu sun musulunta, waɗansu sun shiga addinin Kirista. Akwai Buzaye, waɗanda yawansu ya ƙaru a ƙasar Kano bayan farin 1973. Akwai Yarabawa da Ibo masu kanti da masu gyaran mota a garuruwan bakin hanya. Duk waɗannan rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya suka haɗa su.

Amfanin yawan sunaye shi ne, in wani suna ya raba ka da mutum, wani sai ya haɗa ku. Wanda asali ya raba ku, masallaci ya haɗa ku. Wanda addini ya raba ku, kasuwa ta haɗa ku. Igiyar da aka tufka da zare da yawa ba ta tsinkewa don zare ɗaya ya lalace.

Asali Ma Ya Kan Sake

Waɗansu suna tsammani Bahaushe da Bafillace abu biyu ne dabam tun fil azal, kamar dawa da gero. Tarihin wannan yanki bai nuna haka ba.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, jama'arsa ta ƙasar Kano a yamma da Birni ta fara taruwa, a Kwazazzabo, kuma an gwabza wajen Godiya da Karaye kafin Kano ta faɗi a zamanin Sarki Alwali, wajen 1807. Ko a lokacin ba ƙabila ce kaɗai ta raba rundunonin ba. Cikin manyan almajiran Shehu akwai Abdussalami, wanda ba Bafillace ba ne. Bayan an natsu, gidajen Fulani irin su Sulluɓawa, da Yolawa, da Joɓawa, da Dambazawa suka zauna cikin garuruwa, suka yi auratayya da mutanen da suka tarar, har yawancin jikokinsu suka bar Fillanci suka koma Hausa. Su ne a ke kira Fulanin gida. Yau a ƙasar Kano akwai dubban mutane da za su ce maka su Fulani ne, alhali ba su jin ko gaisuwa da Fillanci, ba su kuma taɓa tatsar saniya ba.

Annoba ma ta sake wa mutane suna. Wajen 1890 cutar bushiya ta ratsa ƙasar Hausa, ta kashe yawancin shanun da ke cikinta. Makiyaya da yawa da suka wayi gari ba saniya suka nemi fili wajen masu gari, suka kama fartanya, kuma jikokin waɗansunsu ba su koma daji ba. Cutar ta sake yin ɓarna a 1983, kafin a ba da sanarwar kau da ita daga duniya ɗungum a 2011. Ta ɗaya gefen kuma, manomi Bahaushe da ya sami albarkar gyaɗa ko auduga, a shanu ya kan zuba kuɗinsa, har ya tara garke. Bamaguje in ya musulunta ya shigo gari, ɗansa Bahaushe kurum a ke ce masa. Zanen fuska da wanzami ya kan yi ran suna don a san gidan da yaro ya fito, yanzu iyaye kaɗan ne ke yarda a yi.

Ashe ke nan abin da mutum ya ke ci da shi, da inda ya zauna, da wadda ya aura, su ma suna da hannu cikin sunan da a ke kiransa da shi.

Cinikin Da Ya Ɗaure Su

Kalmar kara tana da ma'ana fiye da ɗaya a bakin Bahaushe. Akwai karan dawa da saniya ke ci. Akwai kara ta kasuwa, inda a ke cinikin shanu. Akwai kuma kara da mutum ya ke yi wa ɗan'uwansa, watau ya ɗauke masa kai ko ya bar masa wani abu don mutunci. Dukkan ukun nan suna cikin tsohon zaman manomi da makiyayi.

Ga yadda a ke yi. In an gama girbi an kwashe amfani, manomi ya kan gayyaci makiyayi ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da sauran ganye da rana, su kwana a gonar da dare. Bayan 'yan kwanaki a matsa da makwancinsu gaba, har kashi da fitsari su game gonar. Manomi ne ya kan biya, da damin dawa ko gero, wani lokaci da kuɗi, da goro, da tuwon dare. In akwai gawo a gonar, abin ya fi armashi, don gawo da rani ya ke yin ganye da 'ya'ya, shanu su ci su sha inuwa, su bar taki a gindinsa. Da damina kuma ya kaɗe ganyensa, bai tare wa shuka rana ba.

Na biyu, cinikin mata. Bafillatana ta kan ɗauko ƙwaryar nono da man shanu ta shiga gidajen gari, ta fito da hatsi ko kuɗi. Ta san uwargida, ta san amarya, ta san wadda ta haihu. In an yi suna a gari a kan aika ruga, in an yi biki a ruga a kan aiko gari. Labarin da maza ba su faɗa wa juna ba, mata sun riga sun kai shi.

Na uku, riƙo. Manomi ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci in ya sayi saniya, ya kan ba Bafillace amana ya haɗa da nasa. Mai kiwo ya sha nono, mai saniya ya sami 'yan maruƙa. Wanda shanunsa ke cikin garken da ya yi ɓarna ba ya saurin ɗaukar gora.

Na huɗu, masauki. Kowane Arɗo da ya saba zuwa gari yana da mai masauki, mutumin da zai tsaya masa gaban dagaci, ya ajiye masa kaya, ya raka shi kara wajen dillali in zai sayar da sa. In yaron ruga ya yi ɓarna, mai gona ya san ƙofar da zai buga.

Har wasa ma yana da aikinsa. Fulani da Barebari abokan wasa ne, haka Kanawa da Zage-zagi, da Gobirawa da Yarabawa, da Katsinawa da Nufawa. Abokin wasa ya gaya maka maganar da in wani ne sai an kai ga alƙali, amma kai sai dariya. Magabata sun san zo mu zauna zo mu saɓa ne, shi ya sa suka buɗe wa fushi ƙofar fita.

Abin Da Ya Kwance Ƙullin

Ba a kwana aka tashi aka ga zumunci ya lalace ba. Abubuwa ne suka taru sannu a hankali, kuma kowannensu alheri ne ta wata fuska.

Na farko, yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 180,000 a ƙaramar hukumar Gwarzo, da fiye da 150,000 a ta Kabo, an kuwa ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, 'ya'ya biyar sun raba. Saura, watau gonar da a kan bari ta huta shekara biyu ko uku shanu suna kiwo a ciki, ta zama labari. Mai gonar da ke bakin burtali ya ci kunya ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi, maƙwabcinsa na ƙetare shi ma haka, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma sai saniya ɗaya-ɗaya.

Na biyu, noman shanu. Tun wajen 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da bijimai, En'e kuma tana ba da rancen shanu da garma. Abin ya karɓu. Amma manomin da ke da bijimai biyu, da tumakin da matarsa ke turkewa don Babbar Salla, shi ma yana bukatar kara da harawa. Sai ya kwashe nasa tas ya jibge a gida ko bisa itace. Abin da ya rage ya sayar, don karan ya zama kuɗi: ana danni da shi, ana girki da shi, ana niƙa shi a ba dabbobi.

Na uku, takin zamani. An fara yaɗa shi don gyaɗa tun shekarun 1950, ya yawaita bayan shirin ciyar da ƙasa na 1976, lokacin da gwamnati ke sayar da shi da rahusa. Manomi ya ga buhu ɗaya da zai ɗauko a keke ya sa dawarsa ta yi baƙi ƙirin, sai ya daina aika wa Arɗo goro.

Na huɗu, noman rani. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Kano daga 1967 zuwa 1975, aka shiga gina madatsun ruwa. Akwai Guzuguzu a ƙasar Kabo, akwai kuma babbar madatsar Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992. Da injin ban ruwa ya samu, fadamun da shanu ke dogara da su daga Janairu zuwa Mayu suka cika da tumatir da albasa da alkama. Talaka ya sami abin yi da rani maimakon tafiya ci-rani, wannan ba mai musu. Amma a wurare da yawa ba a bar wa garke hanyar zuwa mashaya ba.

Na biyar, sha'anin hukuma. Jangali, watau harajin shanu, makiyaya ba su taɓa son sa ba. Duk da haka shi ya sa hakimi ya san kowane Arɗo da ke ƙasarsa, da yawan shanunsa, da inda ya ke sauka. Gwamnatin Abubakar Rimi da ta hau a 1979 ta kau da haraji da jangali a Kano, talakawa suka yi murna, amma ba a kawo wata hanyar da za ta riƙa haɗa ruga da fada a kai a kai ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, sai dai kaɗan daga filayen aka tabbatar a takarda, da yawa kuma an nome su. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna da ƙananan hukumomi, wanda ya san hanyar ofis shi ya fi samun takarda, makiyayi kuwa ba kasafai ya san ta ba.

Ta haka manomi ya daina bukatar makiyayi a gonarsa, makiyayi ya daina samun mai tsaya masa a gari. Yaran da suka taso ba su san juna da suna ba, ba su haɗuwa sai ran da aka yi ɓarna. Inda a da a ke yi wa juna kara, yanzu ƙara a ke kaiwa.

In Aka Bar Mutum Da Suna Ɗaya

Haɗarin ya kan fara ne daga ranar da aka manta duk sauran sunayen mutum, aka bar shi da na ƙabila kaɗai. Daga nan laifin ɗaya ya zama na duka, a rama a kan wanda aka samu, ba a kan wanda ya yi ba.

An ga ƙarshen wannan hanya a ƙasar Hausa. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, rigimar gona da shanu ta kai ga kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Zamfara, tun wajen 2011, satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai suka yi ta ruruwa, kowane gefe yana hukunta ƙauye ko ruga ɗungum saboda laifin 'yan kaɗan, har wutar ta ci Katsina da Sakkwato da Kaduna. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. A ƙarshen 2025 aka kai hare-hare ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a cikin Jihar Kano, Shanono kuwa maƙwabciyar Gwarzo ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ya kamata a tuna, ɓarawon shanu makiyayi ya ke fara yi wa sata. Rugar da ta daɗe a gefen gari ita ce ta fi kowa sanin baƙuwar fuska a daji, da sawun da ba na shanun yankin ba. In mutanen gari sun riƙe ta, ta zama musu ido da kunne. In kuwa sun haɗa ta da ɓarayi a suna ɗaya, an hana ta kasuwa an hana ta rijiya, to, an rufe wa kai ido, an kuma tura samarinta wajen wanda zai karɓe su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan ruga in ta ɓoye ɓarawo don ɗan'uwa ne, ta saya wa kanta fitinar da ba ta iya biya.

Abin Da Gona Ke Bukata

A koma kan aikin gona, don a nan maganar ta fi sauƙin ganewa. Takin zamani abinci ne na shuka, yana kuwa da amfani ƙwarai. Amma ba ya gyara jikin ƙasa. Gonar da aka shekara goma ana kwashe mata kara tas, ana zuba mata yuriya kaɗai, ta kan zama rairayi, ba ta riƙe ruwa, iska da ruwan sama su yi ta kwasarta. A irin wannan gajiyayyiyar gona ce wuta-wuta ta fi yin ƙarfi, kuma tsironta ɗaya ya kan zubar da iri dubbai, waɗanda za su iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 suna jiran dawa.

Takin shanu shi ke mayar wa ƙasa jikinta. Babbar saniya ɗaya ta kan ba da kimanin tan 1 na busasshen kashi a shekara. Kwanan shanu a gona ya fi kwaso taki a mangala, saboda fitsari, wanda ke ɗauke da babban rabo na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, a nan take ya ke nutsewa cikin ƙasa. Gonar da garke ya kwana a ciki sosai ta kan yi shekara biyu ko uku ana ganin bambancinta. Kuma buhun takin zamani ya fi yin aiki a ƙasar da ta sha takin gargajiya. Tun daga 2022 da kuɗin buhu ya yi tashin gwauron zabo, manoma da yawa sun ga ba su iya sayen rabin abin da suka saba. Bijimai biyu da 'yan awaki ba su isa su taki gonar gandu ba. Garke ne ke iya wannan, garke kuwa yana wajen makiyayi. Shi ma makiyayi ba shi da abin da zai fid da shanunsa daga watan Maris da Afrilu in ba kara da harawa da dusar manomi ba.

Shawara

Ga abubuwan da gari irin Kara zai iya yi da kansa, ba sai an jira Abuja ba.

A sa ranar sakin gonaki. A Nijar hukuma ta kan yi shelar ranar da za a buɗe gonaki ga dabbobi kowace shekara, kuma tun bayan dokar karkara ta 1993 suna da kwamitocin filaye da manoma da makiyaya ke zama tare. Dagaci da Sarkin Noma da Arɗo su zauna tun watan Satumba su yanke rana, a yi shela a masallaci da kasuwa. Mai rogo ko auduga da zai wuce ranar, ya yi shinge.

A bi burtali da ƙafa kafin shuka, manoma da makiyaya da malamin gona tare. Inda aka ci a mayar, a dasa aguwa ko bini-da-zugu a gefe biyu kamar yadda magabata suka yi. A kowace fadama a bar hanya ɗaya zuwa ruwa.

A mai da cinikin kara da taki, amma a faɗi sharaɗi a fili gaban shaidu: kwana nawa, shanu nawa, me za a biya, wa zai biya. Manomi ya iya kwashe harawa da rabin kara don dabbobinsa, ya bar rabi don garke.

In an yi ɓarna, a je a gani a ranar, mutum biyu daga gari, biyu daga ruga, a kimanta, a biya. Makiyayi kada ya bar wa ƙaramin yaro garke mai yawa a lokacin kaka, kada kuma a yi kiwon dare kusa da gonaki. Manomi kada ya sari saniya, kada ya ƙone kara don ƙeta.

Dillalai da mahauta kada su sayi sa da ba a san mai shi ba, kome arharsa. Ma'aikacin da ke rubuta ƙara a ofis ya rubuta sunan mutum da na ubansa da garinsu ko rugarsu, kada ya rubuta ƙabila a gurbin suna. Kuma tun da an kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya a 1989, ya kyautu yaran ruga da na gari su haɗu a aji ɗaya in hali ya yi, don wanda kuka yi karatu tare da wuya ya zama maka baƙo.

Duk abin nan ba ya cin kuɗi mai yawa, sai dai zama da haƙuri da cika alkawari. Wanda ya aika wa Arɗo goro tun kafin kaka, ya sami taki a gonarsa, ya kuma sami wanda zai kira da suna ran da saniya ta ƙetare shinge. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye dukiyar mai gona da ta mai garke, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.